Daga Nasko Zuwa Bakin Kwatar Yauri

Mu mutanen Nasko 'yan tudu ne. Dawa da gero da masara da wake muka sani, kuma in ka cire rafukan da ke cika da damina su ƙafe da rani, hulɗarmu da ruwa ba ta wuce sha da wanka da alwala ba. Amma tun ina yaro kifin da ke cikin miyarmu daga Yauri ake cewa ya zo, albasar ma haka, kuma duk tsohon da ya so ya nuna maka ya ga duniya sai ya ce ai shi ya taɓa ƙetare Kwara. Na girma, na yi boko, har Legas na je na ga tashar Apapa da jiragenta masu kama da unguwa guda, amma mashigin da ke kusa da gida ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Don haka da kawuna ya ce zai je sarin albasa Yelwan Yauri a tsakiyar hunturu, sai na ce ya tafi da ni ko jaka in riƙe masa.

"Kai da ka ga teku, me za ka gani a Yauri?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, tekun na mutane ne. Wannan kuwa namu ne."

Bai amsa ba, ya dai ce in shirya kafin asuba.

Muka fito da duku-duku, hazo ya rufe gonaki, muka kama hanya har muka hau babban titin da ya taso daga Kontagora ya nufi Yauri ya zarce Koko da Jega. Titi ne na manyan motoci, kuma su suka cinye shi. Ba ka sanin ka bar Jihar Neja ka shiga Kabi sai dai in direba ya gaya maka, don Kambarin da ka baro a baya su ne a gabanka, da rumbunansu da kasuwanninsu. Iyakar ma ba ta daɗe ba. Lokacin da ɗan garinmu Janar Muhammadu Gado Nasko ya yi gwamnan soja na Jihar Sakkwato, daga 1978 zuwa 1979, Yauri tana ƙarƙashinsa ne, don sai 1991 aka yanke Jihar Kabi. Kawu ya kan faɗi wannan da alfahari kamar shi aka naɗa.

Da muka doshi Birnin Yauri sai hira ta mutu a motar. Kowa ya san dalili: a nan ne 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya a watan Yunin 2021. Wata tsohuwa a kujerar baya ta ja salati, muka amsa, muka wuce. Abin takaici shi ne da wannan labari kaɗai 'yan yanzu suka san garin, alhali shi ne tsohon birnin sarakunan Yauri, ɗaya daga cikin ƙasashen da ake kira Banza Bakwai. Rigingimun ƙarni na 19 ne suka watsa shi, har sarauta ta taɓa fakewa a gungu a tsakiyar ruwa, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da ita a Yelwa a 1888. A cikin masu matsa wa Yauri a wancan zamani akwai Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora, da ɗansa Ibrahim. Mu da muke ƙarƙashin Sarkin Sudan na Kontagora a yau ba ma son a tsawaita wannan babi, amma haka aka yi.

Hantsi ya ɗaga muka isa Yelwa. Kawu ya nufi wajen dillalinsa, ni kuwa na gangara bakin ruwa.

Wanda ya zo da hoton Apapa a ransa zai tsaya yana tambayar ina tashar take, alhali yana tsakiyarta. Gangare ne na laka da yashi, jirage sun kafa hanci a gaɓa sun jeru kamar shanu a mashaya. Akwai ƙananan kwalekwale na masunta, akwai dogayen jiragen katako masu inji a gindi, wasu da rumfar buhu, waɗanda ke ɗaukar mutane da babura da awaki da buhunan hatsi a tafiya guda. 'Yan dako suna shiga ruwa har gwiwa da buhu a ka, su taka wani katako siriri su sauke, su dawo da gudu. 'Yan kamasho suna ta kiran sunayen garuruwa da tungaye da ban taɓa ji ba. Ƙaurin banda da warin man inji da ƙamshin ɗanyar albasa sun gauraye sun zama abu ɗaya, kuma sai da na kwana biyu a gida kafin ya bar rigata. Mata sun baje tarwaɗa da karfasa da kurungu, ga tulin warangi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa a rana a auna da mudu. Na ga giwan ruwa guda da sai da mutum biyu suka kama kafin suka ɗora shi a baro. Mutanen wurin ba sa cewa tasha. Kwata suke cewa, ko bakin ruwa kawai.

Na sami wani dattijo a inuwar wani jirgi da aka kifar ana toshe masa kafofi da auduga da kwalta. Na gaishe shi, ya tambaye ni daga ina, na ce Nasko. Ya yi dariya.

"Ɗan tudu ke nan. Ka iya iyo?"

"Ban iya ba, Baba."

"To zauna nan kusa da ni, ka fi tsira."

Basarke ne, wato daga Sarkawa, masuntan da suka biyo kogin nan daga yamma tun zamanin da ba a rubutawa. Su da Gungawa, mutanen tsibirai masu kiran kansu Reshe, su ne asalin masu ruwan Yauri. Ya nuna mini ruwan ya ce in dube shi da kyau. Na ce na ga ruwa. Ya ce wannan baƙin ruwa ne. Kwara sau biyu take cika a shekara: farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan samanmu na nan kusa ke kawowa wajen watan Agusta da Satumba, sai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana yawo a fadamun Mali yana ajiye lakarsa, sa'an nan ya iso nan garau a tsakiyar sanyi, lokacin da mu a tudu ko ɗigo ba mu gani ba. Ruwan da nake kallo a ranar ya wuce ta gaban Tumbuktu da Gawo da Yamai kafin ya zo gabana. Na yi shekaru a aji ana koya mini taswira, amma a bakin wannan tsoho na fara jin abin ya shiga.

Wannan cika biyu ita ta yi Yauri. Kogi mai ruwa rani da damina dole a nemi mai fito, kuma inda mai fito yake nan sarki ke ajiye mai karɓar kuɗi. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, kuma ɗaruruwan shekaru bayan nan fataken goro suna bin ta: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda sunansu kawai ya yi kama da na Kambarinmu, ba dangi ba ne. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da busasshiyar albasa, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, uban dawaki na tattara kuɗin fito. Duk ta inda suka biyo, Kwara na gabansu, sai sun ƙetare ta a Illo ko a Yauri ko a mashigan da ke kusa da Busa, sa'an nan su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu su gangara Salaga ta ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. Ka ƙiyasta ayari mai mutum ɗaruruwa da dabbobinsu ya sauka a wannan gaɓa, jirgi kuwa na itace guda ne da aka fafe. Kwanaki ake yi ana fito. A kwanakin nan sai an ci, an sha, an sayi harawa, an biya fatoma, an gyara mangala. Abin da ya tara gari ke nan. Goro kuwa ba ya son jira, kullum sai an kwance huhu an yayyafa ruwa an tsince ruɓaɓɓe, don haka mai jirgi ya san ba a ja masa ciniki da yawa a kan hanyar dawowa.

Turawa ma ta wannan ruwa suka fara leƙo mu. Mungo Park ya iso Yauri a farkon 1806 a cikin jirgin da ya harhaɗa tun Sansandi a ƙasar Mali, a nan tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi, ya gangara bai yi nisa ba ya halaka a duwatsun Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo suka yi fiye da wata guda a Birnin Yauri suna neman takardun Park a wajen sarki, ba su samu ba, suka koma Busa suka bi kogin har teku. Da wannan tafiya Turai ta tabbatar inda Kwara ke zubewa, abin da ya daɗe yana ɗaure mata kai. Bayansu sai 'yan kasuwa, sai kamfanin Royal Niger da ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, wanda kafin ƙarnin ya ƙare ya kafa wurin ciniki a Yelwa. Faransa ma ta so kogin, har sojanta suka zauna a Busa a 1897, sai yarjejeniyar 1898 ta raba gardama.

Sai dai duwatsun da suka ci Park su ne suka hana Yauri zama irin su Lakwaja. Jirgin hayaƙi daga teku yana iya hawowa har Jebba in ruwa ya cika, daga nan kuwa sai tsaunuka da gurguzun ruwa. Don haka da Turawan mulki suka tashi neman ƙofar fitar da kayan Arewa, can ƙasa suka duba, ƙasar Nufe, suka zaɓi wani ƙauye mai suna Baro. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, ya isa Kano a 1911. Ƙarafan dogon da kawunan jirgin duk ta ruwa aka kawo su aka sauke a Baro. Amma ita ma Baro ba ta daɗe tana cin kasuwarta ba, don layin Legas ya zo ya haɗe da nata a Minna, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, gyaɗa da auduga suka riƙa zarcewa teku ba tare da sun taɓa kogi ba. Goron ma ya sauya hanya: a ɗauko shi ta teku zuwa Legas, a sa shi a jirgin ƙasa zuwa Kano cikin 'yan kwanaki. Madugai suka watse. Wanda ya kashe kasuwar fito a Yauri bai taɓa ganin Yauri ba.

Na tambayi dattijon ina tsohuwar kwatar take, wadda fatake suka sani. Ya miƙa hannu can cikin ruwa, inda babu komai sai wani tsuntsu a kan kututture.

"Tana nan ƙasa. Da ita da gungun da aka haife ni."

Madatsar Kainji ke nan. An fara ginin a 1964, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi aikin, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, Yelwa tana can ƙarshensa na arewa. Tsohuwar Busa ta nutse ɗungurungum da duwatsunta, aka gina sabuwa. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga garuruwansu, kuma Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, don tsibiransu ne suka fara tafiya. Aka gina musu gidajen siminti a tudu. Tsohon ya ce shi yana saurayi lokacin, abin da ya fi tunawa shi ne mahaifinsa ya ƙi kwana a sabon ɗakin har tsawon wata guda, wai ba ya jin motsin ruwa, barci ba ya zuwa. Ya faɗi wannan yana dariya, ni kuwa ban iya taya shi ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba don lantarki kaɗai aka yi Kainji ba. Cikin alkawuran da aka yi har da sufuri. Tun da tafki ya binne duwatsun Busa, hanya ta buɗe ke nan, sai aka gina wa madatsar wata ƙofa ta musamman, wani dogon ɗaki da jirgi zai shiga a rufe, a cika shi da ruwa ya ɗaga jirgin sama kusan mita 50, a buɗe ya fita cikin tafki. Madatsar Jebba da aka gama a 1985 ita ma an yi mata irin wannan. Nufin shi ne kaya su taso daga teku su zo har Yelwa, su wuce Gaya ta ƙasar Nijar. Da abin ya ɗore, da buhun takin da muke saye a Nasko ta ruwa zai zo mana, da tirelolin da suka farfasa titin da muka biyo da safe sun ragu. An daɗe ba a ji jirgin kaya ya bi ta ƙofofin nan ba.

Da azahar Kawu ya gama cinikinsa, ya same ni, na roƙe shi mu ɗan shiga jirgi ko zuwa tunga mafi kusa ne mu dawo. Ya dube ni kamar na ce mu shiga rijiya, amma ya yarda. Aka ɗora mu a wani jirgi da ni a ganina ya riga ya cika, sa'an nan aka ƙaro babur biyu da buhu shida da wata mata mai kaji. Na sa hannu waje na auna: tsakanin bakin jirgin da ruwa bai kai tsawon tafin hannuna ba. Akwai rigunan kariya guda huɗu ko biyar a rataye a gaba, ba wanda ya taɓa su. Na nemi ɗaya, yaron jirgin ya miƙo mini yana murmushi, wani fasinja ya ce, "Malam, in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa." Kawu, wanda tun da muka taso bakinsa ke motsi da addu'a, ya juya ya ce masa, "Haka ne, ɗana. Amma ko raƙumi sai an ɗaure shi ake tawakkali." Ya karɓi tasa ya sa a kan babbar riga. Ban taɓa ganin abin dariya da ban tausayi irin wannan ba.

Daɗin tafiyar kuwa ba a magana. Iska mai sanyi, ruwa shimfiɗe har inda hazo ya haɗiye shi, gonakin albasa kore shar a gaɓa inda ruwa ya ja baya, injinan ban ruwa suna ta tari. Masunci a tsaye a kan kwalekwale ya watsa birgi ya buɗe kamar laima. Matuƙinmu yana ta karkata jirgin hagu da dama a wurin da ni ban ga komai ba. Na tambaya, ya ce itatuwa ne. Dajin da ruwa ya cinye a 1968 ba duka aka sare ba, kututturan suna nan tsaye a ƙasa fiye da shekara 50, kuma taswirarsu a kan matuƙa kawai take. Wanda ya sani ya kauce, baƙo ko mai tafiyar dare ya hau kai.

A nan hirar ta koma kan Wara, kamar yadda na lura kowace hira a ruwan nan takan koma. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Mahukunta suka ce lodi ya yi yawa kuma jirgin ya tsufa. Matar nan mai kaji ta ce da 'yar ƙanwarta a ciki. Ba wanda ya ƙara magana har muka taɓa gaɓa.

A kan hanyar dawowa na yi ta auna abu biyu a raina. A watan Satumban 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro da aka kashe wa kusan naira biliyan 6, da dakalin siminti da rumbun ajiya da na'urar ɗaga kaya. Shekaru bayan buɗewar jaridu suka yi ta kawo rahoton cewa jiragen kaya ba sa zuwa, hanyar motar da za ta kai ka garin ma ta lalace, tsohon dogon kuwa ya daɗe da mutuwa. Can ga tasha tana jiran jirgi, nan ga jirage da dubban mutane kullum suna cuɗanya a laka. Ba na ƙyashin Baro, Jiharmu ce, kuma ina fatan ta tashi. Amma a ganina an fara gini daga rufi. Abin da bakin ruwan Yauri da Wara da Malale da Rofiya ke bukata bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan kuɗi ba: dakali mai iyo wanda zai bi ruwa sama da ƙasa, tun da tafkin kan sauka wajen mita 10 tsakanin cikarsa da ƙafewarsa, kwata kuma ta yi ta ƙaura da shi, a sare kututturan da ke kan hanya a kafa alama, a sa mutum guda mai iko a bakin ruwa wanda in ya ce jirgi ya cika to ya cika. Sarkin Ruwa da mutanensa sun san kowane matuƙi da ubansa, da su ya kamata a yi aikin.

Muka sauka, Kawu ya tuɓe rigar kariya ya miƙa wa yaron, ya ce shi da Kwara kuma sai dai a miya. Na koma in yi sallama da dattijon, na tarar ya tafi masallaci, jirgin da yake toshewa yana nan a kife. Aka ɗaure buhunan albasa a motar, direba yana ta gaggawa don ba ya son magariba ta same shi a hanya. Muka iso Nasko ana kiran isha'i, garin duhu, ba wuta, ga Kainji a maƙwabtanmu.

Ɗan'uwa, in hanya ta kai ka Yelwa, ka gangara kwata ka gani da idonka, ka sayi banda ka kai gida. In kuwa za ka shiga jirgi, shiga da safe, ka nemi rigar nan ka sa ko da za a yi maka dariya, kuma in ka ga ana ƙaro lodi bayan ya cika, ka sauka ka jira na gaba.